Farantin da na ɗaura wa Yaya Isufu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina tsakiyar suyar ƙosai waya ta shigo. Yaya Isufu mai keke ya rasu.

Ƙosan ya ƙone a kasko ina tsaye ina kallonsa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, mahauci ne a Adjamé, nan Abidjan, gidansa kuma a unguwar Arras. Ba mu haɗa uwa ko uba ba, amma shekara da shekaru kullum sai ya tsaya a teburina, bakin tashar Gare de Bassam a nan Treichville, ya sha kunu kafin ya haye gada. Keke shi ne rabin ransa. Ya taka shi har Bouaké, har Korhogo, har Lome. In ya dawo sai ka gan shi baƙi ƙirin, leɓe duk a tsage, yana dariya.

Na ga abin da wasu ke rubutawa tun ɗazu. Wai wane mai hankali ke zuwa Kumasi a kan keke da farkon damina. Wani ma ya ce wasa da rai ne.

Ku bar bawan Allah ya kwanta. Duk Treichville babu wanda ya san iska kamarsa.

Ranar da hadari ya fizge mini lema ya maka ta a kan taksi, shi ya tsaya tsakanina da direban. Ya juya mini tebur, ya ɗaure lemar da tsohon tiyub. Ya ce, "Hajo, iska ba a tare mata hanya da faɗi. Ba ta siriri ta wuce."

Ni na ji wannan magana da kunnena.

Jiya da sassafe suka tsaya wurina shi da Lawali, abokin tafiyarsa, za su Kumasi. Innata tana Kumasi, ta daɗe tana so in aika mata babban farantin talla. Na shiga ƙarƙashin tebur na jawo shi.

"Hajo, wannan faranti ne ko ƙofar gareji?"

Na ce na Inna ne.

"Kumasi an daina saida faranti?"

Na ce na Abidjan take so, ta nuna wa maƙwabta.

Dariyarsa ta tsaya. Ya ɗaga kai ya dubi sama wajen teku. Ya ce, "Ƙanwata, ki ba mota. Wannan iska za ta kama shi."

Sai na ce, a gaban masu shan kunu, "Yaya, saƙon uwa za ka ƙi?"

Kun san halinmu. Mai tafiya gida ba ya ƙin saƙo, balle na uwa, balle a gaban mutane. Ya gwada farantin a kwance, yana bugun cinyarsa. Sai ya tsayar da shi a gefen tayar baya ya ɗaure. Ni na riƙe masa igiyar.

"To, kin sa mini fiffike. In na tashi sama ki gaya wa Balki na yi gaba."

Balki matarsa ce. Muka yi dariya dukanmu.

Lawali ne ya kira ni. Ruwa ya kashe masa waya, sai yau ya samu aron wata. Ya ce tun daga Bassam iskar teku ke dukan su. Rana ta gasa su, ruwa ya jiƙa su, rana ta sake fitowa. Da la'asar, bayan sun wuce Aboisso, gari ya yi baƙi lokaci guda. Rassa suna karyewa, kwanon rufin wata rumfa ya wuce ta kansu yana juyi. Suna kan gangara. Yaya Isufu ya waiwaya ya daka tsawa, "Lawali, sauka! Sauka!"

Shi ma birki ya kama. Sai iska ta zo ta gefe ta daki farantin. Lawali ya ce ƙarar kamar an buga ganga. Tayar baya ta ɗaga, keken ya yi tsakiyar titi da shi. Babbar motar katako na biye da su, titi a jiƙe.

Hular kwanonsa ta rabe biyu. Lawali ya jawo shi bakin hanya, ruwa na wanke jinin yana sake fitowa. Ya yi ta faɗa masa kalmar shahada a kunne, bai san ko ya ji ba.

Farantin ya gangara cikin ciyawa. Ko lotsawa bai yi ba.

Na rufe tebur na tafi Arras. Gida cike, maƙwabta na ta cewa yako, yako, gaisuwar ta'aziyyar nan garin. Na ratsa mata na durƙusa gaban Balki, na faɗa mata komai.

Ta daɗe tana kallona.

"Ya gaya miki iska za ta kama shi?"

Na ce ya gaya mini.

"Kika ɗaura?"

Na ce na ɗaura.

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta juya fuska bango. Can ta ce, "Tashi ki je ki gaya wa masu cewa mijina wawa ne."

To ga shi na faɗa. Ya ga hadarin, ya faɗi gaskiya, ni na kunyata shi ya ɗauka. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma igiyar da hannuna na riƙe ta.

Ana hanyar kawo shi. Allah Ya jiƙan Yaya Isufu, Ya sa iskar aljanna ce ta tarbe shi, Ya ba Balki da yaranta haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. In da saura, ku roƙa mini ranar da Balki za ta juyo ta dube ni.