Takardar da Ba a Ƙunshe Ƙosai da Ita Ba

A watan nan ne yayata, Malama Rakiya, ta cika shekara goma sha ɗaya da komawa ga Mahaliccinta. Allah Ya jiƙan ta, Ya sa kabarinta ya zama dausayi. Duk shekara idan an fara cirar gyaɗa nakan tuna ta, domin a irin wannan lokaci ne ta yi abin da har yau tsofaffin ƙauyen da ta yi aiki suke ba da labarinsa.

An tura ta shugabancin wata firamare a wani ƙauye tsakanin Karaye da Rogo, inda ba a taɓa ganin mace ta riƙe makaranta ba. Ba wanda ya zage ta. Gaisuwa ma har da rusunawa ake yi mata. Sai dai idan ta ba da umarni, malaman sukan waiga su kalli mataimakinta tukuna, a bayan idonta kuma suna kiran ta "hedimasta mai ɗankwali". Da kaka ta yi, aka kwashe yara zuwa gona, 'yan mata kuwa ko bayan an gama aikin ba su dawo ba. Masu duba makarantu suka zo suka tarar da azuzuwa fayau. Suka ce mata in zango ya ƙare haka, za a haɗe makarantar da wata mai nisa, ita kuma a mayar da ita aji. Ta san idan aka yi haka, babu uban da zai bar 'yarsa ta yi wannan tafiyar.

Sau uku tana aika takardar taron iyaye da boko, ba wanda ya zo. A karo na ukun ta sayi ƙosai a bakin kasuwa, sai ga shi an ƙunso mata shi a cikin takardar tata, mai ya jiƙa sa hannunta. Ta zo gidana da ita bayan la'asar, tana dariya, amma na san dariyar ta fi kuka ciwo.

Na ba ta shawarar da nake jin kunyar ta har yau. Na ce ta bar mataimakinta ya kira taron, tunda namiji ne. Cewa ta yi, "Sule, feƙe mini alƙalami, ka jiƙa mini tawada." A zauren mahaifinmu, Malam Isa, muka koyi ajami tare, kuma gaskiya ɗaya ce, hannunta ya fi nawa. Da na ga ta fara da Bisimillah, sai na ce, "Yaya, takarda mai sunan Allah ba a raba ta barkatai fa." Ta ɗago ta dube ni ta ce, "To, kai ka taɓa ganin wanda ya ƙunshe ƙosai da ita?"

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta san mutanenta. Takardar boko a wurinsu ta hukuma ce, ana iya hura wuta da ita. Amma wadda ta zo da baƙaƙen Larabci, ko wanda bai iya karatu ba ba zai yar da ita ba, sai ya kai wa liman ya ji abin da ta ce. Kwana huɗu ta yi tana rubutawa da hannunta, kowane gida da tasa, da sunan maigidan da na 'yarsa.

Ranar Asabar da hantsi inuwar darbejiyar makarantar ta cika. Da yawansu sun zo ne a zaton wani malami ne ya kira su. Wani dattijo, Baba Audu, wanda ya taɓa ɗaukar karatu a zaurenmu, ya ɗaga tasa ya ce, "Wannan ai hannun marigayi Malam Isa ne. Wa ya rubuta?" Ta ce, "Baba, hannun 'yarsa ne." Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Faɗi abin da ke tafe da ke, Malama." Ba ta yi dogon jawabi ba. Ta roƙi a bar mata yaran daga safe zuwa azahar, gona kuma ta ɗauki sauran yinin. Ba duka suka yarda ba, amma yaran da suka dawo sun isa a bar makarantar a inda take.

Yau nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga zamanin nan. Mata masu riƙe da makarantu sun yawaita a ƙasar Karaye da Rogo, ana ganin su a kan babur da safe, jakar takardu a cinya. Za ta yi murna. Amma na san za ta lura cewa har yanzu akwai baƙon da zai shiga ofis ya tarar da mace a kujera, ya tambaye ta ina hedimasta. Taron iyaye kuma yanzu da saƙon waya ake kiran sa, ya shiga cikin ƙiftawar ido, a goge shi cikin ƙiftawar ido. Ina jin ba za ta ƙi wayar ba. Tambaya kawai za ta yi, da wane harshe ne mutanen nan suke jin an girmama su?

Bara na je ta'aziyyar Baba Audu. Jikarsa Hauwa, wadda yanzu ita ce shugabar makarantar, ta ce in dakata. Ta shiga ɗakinsa ta fito da gafakar Alƙur'aninsa, ta zaro wata takarda da ta yi ja don tsufa. Sunanta ne a jiki, tana 'yar aji uku. Ta ce, "Kawu, ni boko na yi, karanta mini."

Yayata ba ta bar gida ko gona ba. Abin da ta bari shi ne na karanta wa Hauwa a tsakar gidan nan: "Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni aron jikarka daga safe zuwa azahar. In Allah Ya yarda ba za ka yi asara ba."