Garken Mushe Haruna

Da damanar bana ta kama, shekara bakwai ke nan da muka kai Mushe Haruna makwancinsa a Tanout. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Mushe dai daga Faransanci muka aro shi, haka muke kiran malamin makaranta a nan. Abokina ne tun muna yara. Tare muka shiga lakwal, wato makarantar boko, tare muka fito malaman makaranta, kuma tare muka tsufa muna musu a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ban yi niyyar rubuta komai a kansa ba, don shi kansa ba ya son yabo. In ka yabe shi sai ya dube ka sheƙeƙe, ya tambaye ka me kake nema a wurinsa. Abin da ya faru da 'yarsa Zuwaira a bana ne ya hana ni yin shiru.

Haruna ya yi yawancin aikinsa a makarantun daji, arewa da Belbeji, inda rabin aji 'ya'yan makiyaya ne. Wanda bai yi aikin nan ba yana tsammani koyarwar ce wahala. Ba ita ba ce. Wahalar tana wurin shirya darasi, abin da muke kira fish, takardar da malami zai rubuta da hannunsa kafin ya tsaya gaban allo. Bayan la'asar, mutane na hira, shi yana kan tabarma yana rubutu har yatsunsa su ƙage. Littattafan da ake aiko mana kuwa cike suke da kogi da kwalekwale, ga yaran da ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce na rijiya da tafki ba. Sai ya ture littafin ya ƙirƙiro nasa, yana yi yana mita, ni kuwa ina yi masa dariya.

Zuwaira a cikin gari ta tashi wurin mahaifiyarta, uban sai lokacin hutu take ganinsa. Bayan rasuwarsa ta zama malama, aka tura ta wata 'yar makaranta a yankin da ya taɓa zama, ita kaɗai da azuzuwa uku a ƙarƙashin rumfar zana guda. Wata rana ta zo gaishe ni, ta nuna mini yadda take shirya darasi da abin nan na cikin waya da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Ranar kasuwa takan shigo Belbeji inda ake samun rezo, wato sabis ɗin waya, ta rubuta masa abin da take so, shi kuma ya jero mata darasin manya da na ƙanana, da Faransanci da Hausa, ta gyara ta kwafe. Ni ba na yarda da abin da ba ya gumi, na kuwa faɗa mata haka. Amma da na karanta sai na rasa abin kushewa. Aikin da ke cin yinin Haruna, kafin shayi ya dahu an gama shi, kuma gaskiya na ji wa abokina haushi.

Cikin bazara, ana zafin nan da ke hana tsuntsu kuka, ta nemi abin nan na waya ya ba ta aikin gida na lissafi wanda ya dace da 'ya'yan makiyaya. Ya ba ta abin da duk wani baƙo zai ga ya yi daidai: kowane yaro ya je gida ya ƙirga shanu da tumakin babansa, gobe ya zo ya faɗa a aji. Ita ma ta ga ya yi kyau, ta ba da.

Washegari 'ya'yan manoma suka zo, 'ya'yan ruga ko ɗaya. Haka jibi, haka gata. Duk wanda ya zauna da makiyaya ya san ba a tambayar mutum yawan dabbobinsa, balle a sa ɗansa ya shelanta a bainar jama'a. Suna tsoron baki, suna tsoron kunnen ɓarawo, kuma tsofaffinsu ba su manta da zamanin jangali ba. Ga shi kullum ana ganin malama da waya a hannu tana latse-latse. Kafin kasuwa ta zagayo magana ta gama rugage cewa an aiko ta ne ta ƙirga dukiyar mutane ta tura sama. Damana kuma ta ƙarato. Da ruwa ya sauka za su yi arewa da garkensu, kuma yaron da ya tafi da fushin ubansa ba ya dawowa lakwal. Ba aikin gida guda ta ɓata ba, rabin ajinta ne ke shirin tafiya ba dawowa.

Ta zo mini idanu jawur, ta ce ta zubar da mutuncin babanta, kuma ba za ta sake taɓa wannan na'ura ba. Na so in ce ai na faɗa, don na daɗe ina jiran ranar. Amma tausayinta ya kama ni, kuma na san laifin ba na wayar kaɗai ba ne. Abin da ba a gaya mata ba, ta yaya za ta gaya wa na'ura? Sai na zaunar da ita na ba ta labarin garken babanta.

Haruna har ya koma ga Allah ko akuya bai mallaka ba. Amma a duk makarantar da ya je, abin da yake fara yi shi ne ya kai yara bakin rijiya su ɗebo laka, kowa ya gina saniya irin wadda suke ginawa ta wasa. A shanya su a rana, a jera a gindin allo, ya ce to wannan garken Mushe ne, kowa ya ƙirga son ransa. Da su ake tarawa, da su ake ɗebewa. Yau saniyar Mushe ta haihu, gobe kura ta kama guda, jibi ya raba wa ƙannensa. Iyaye na wucewa suna dariya, suna ce masa mai shanun laka, suna tambayarsa ko ya yi tatsa. Shi kuwa ko a jikinsa. Yaro ya koyi lissafi da abin da ya sani, kuma ba a taɓa asirin gidan kowa ba.

Zuwaira ta ciro wayar da ta rantse ta bari. A gabana ta rubuta wa abin nan na cikinta komai, da al'adar, da dalilinta, da labarin shanun laka. Bai yi musu ba, abin da ban taɓa samu daga Haruna ba. Ya sake ɗinka darussan duka a kan garken Mushe Haruna, na ƙanana daban, na manya daban, har da 'yan labarai na karatu. A wani wuri ya shayar da shanun a kogi, ta goge ta sa rijiya da guga. A wani wuri ya ba saniya sunan da ba a taɓa ji a ƙasarmu ta Damargu ba, ta ce wannan yara ne za su raɗa.

Daga nan ta tafi wurin ardon makiyayan da kanta, ba waya, sai saniyar laka guda a hannu. Ta durƙusa ta ba da haƙuri. Ta ce mini ya daɗe yana juya saniyar a tafinsa kafin ya tambaye ta 'yar wane ce, ta faɗa masa.

"Ke ɗiyar mai shanun laka ce, ba ki hwaɗi ba?" in ji shi. "Ni na gina mishi bijimi, ƙaho guda ya karye, ya ce a bar shi haka nan, ya yi hwaɗa ne. Tahi, gobe suna zuwa."

Nakan tambayi kaina me Haruna zai ce da ya ga wannan zamani. Na san zai fara da tsiya, ya ce an kawo malamin da bai taɓa shan ruwan rijiya ba. Bayan nan zai karɓi wayar ya hana kowa taɓawa, don mutum ne da ya san zafin rubutun fish. Abin da ba zai yarda da shi ba shi ne a kwashe abin da ta faɗa a zuba wa yara ba a tace ba. Na'urar tana da sauri, ba ta gajiya, kuma in an gyara mata tana karɓa. Amma ba ta san wanda ke jin tsoron me ba, sai malami ya zauna da mutane ya sani ya gaya mata. Yanzu Zuwaira ta tura darussan ga abokan aikinta a wajen Ollelewa da Falanko, kowa na gyarawa daidai da mutanensa, kuma lokacin da da za ta kashe a rubutu tana kashe shi a rugage tana gaisuwa.

Kafin a rufe makaranta na hau motar kasuwa na je na gani da idona. Shanun laka sun cika gindin allo, wasu har da tozo. Wata yarinya 'yar ruga ta miƙe tana karanta lissafin ranar da ƙarfi, cewa shanun Mushe Haruna sun haihu, nawa suka zama. Ta juyo ta ga tsoho baƙo a bakin rumfa, ta tambaye ni ko ni ne Mushe Haruna. Na ce a'a, abokinsa ne. Ta ce to in na koma in gaya masa garkensa ya yi yawa, rumfar ta kusa kasa ɗauka, kuma in sun dawo daga arewa za su gina masa wasu.

Na ce mata zan faɗa. Na juya na fita waje, don ban so yara su ga tsoho yana hawaye.