Inda Babur Zai Kwana

Gyaran tsohon babur wahala ce tsagwaronta. Duk wanda ya ce maka akwai daɗi a ciki, ba da hannunsa ya yi ba. Ni walda na iya, da ita nake ci da iyali tun da aka rage mu a masaƙar Kakuri, amma babur ɗin Baba ya nuna mini iya walda daban, iya inji daban.

Babur ne na Ingila, baƙi, mai silinda ɗaya, irin wanda in ya tashi sai ka ji bugunsa a ƙirjinka. Baba ya saye shi a hannun wani Bature ɗan mishan lokacin da shi Baba yake aikin bishara, da shi ya zaga ƙauyukanmu har ya tsufa. Da idonsa ya mutu na ɗauko shi ya dawo wurina a Kamazou, aka bar babur a ƙauye a gindin rumbu. To a shekarar da soja suka miƙa mulki suka koma bariki, Baba ya fara maganar gida. Ya ce yana so ya je ya taɓa kabarin Mama da hannunsa a Kirsimeti, kuma a kan babur ɗinsa.

"Mota ba ta hawa dutsenmu," in ji shi. "Ni kuma ba buhun citta ba ne da za a saɓa ni a kafaɗa."

Gaskiyarsa ce, hanyar ƙauyenmu daga gindin dutse sai ƙafa ko babur. Jikinsa kuwa kullum raguwa yake yi. Na san in wannan Kirsimeti ya wuce, ba lallai ne a ga wani da shi ba.

Na je na ɗauko babur. Abin da hannuna ya iya na yi. Na kankare tsatsa, na liƙe tanki, na canja tayoyi da wayoyinsu. Kujerar baya na faɗaɗa ta, na yi mata majingina da madafa a gefe, don makaho ba ya ganin rami yana zuwa. Na sa matakai masu faɗi. Na fesa masa baƙin fenti har kana ganin fuskarka. Sai inji. Ruwan damina ya daɗe yana shiga ta ramin filogi, fistan ya manne. Na jiƙa shi da kananzir, na jira, na buga da guntun katako, bai motsa ba. Na ƙara ƙarfi, silinda ta tsage.

Daga nan na shiga yawo. Na tona tarin ƙarfe a Panteka har farcena ya cire. An kawo mini fistan na janareta, an kawo na injin ban ruwa, ba wanda ya shiga. A Kakuri akwai wani Ibo mai sayar da kayan babur, Emeka, ya juya tsohon fistan ɗina a hannunsa yana dariya.

"Oga Bulus, wannan abu ya girme ni. Ko a can garinmu ba za ka samu ba. Amma je ka Trikania ka nemi Baba Sajan, tsohon soja mai kai saƙo. Yana da irinsa. Ba zai sayar ba fa, na gwada shi."

Na iske Baba Sajan a ƙarƙashin mangwaro, ƙafa ɗaya miƙe a kan benci, ba ta lanƙwasuwa. Ya kai ni wani ɗaki a bayan gida, ya yaye tsohon bargo. Ga inji nan zaune a kan katako, tsaf, yana sheƙi. Tifa ce ta taka jikin babur ɗinsa, injin kaɗai ya tsira. Ya ce kowace Asabar yana ɗiga masa mai ya juya shi da hannu don kada ya manne. Na juya, na ji yana numfashi.

Na ce ya sayar mini. Ya ce a'a. Na ce to silinda da fistan kawai. Ya ce ba ya yanka rago don a ba wani ƙafa.

"Haba Baba Sajan," na ce. "Manyanku ma sun miƙa ƙasa guda, kai ka ƙi miƙa inji?"

"Su an gaji da su ne. Ni wa ya gaji da ni?" Ya rufe bargonsa. "Ji nan, ɗana. Kai kana da jiki ba inji, ni ina da inji ba jiki. Kawo naka nan mu haɗa. Ka kai tsohonka gida, ka hau duk ran da kake so. Amma a gidan nan zai riƙa kwana, kuma ran Lahadi ka kai ni coci in ji iska a fuskata. Magana ta ƙare."

Na tashi ban ko sha ruwan da aka kawo mini ba. Babur ɗin ubana, wanda na kankare da hannuna, ya je ya kwana a gidan wani, in riƙa zuwa ina sallama kafin in hau? Abokan hirata a Sabon Tasha suka ce kada in yarda, wayo ne irin na soja. Kullum in na zauna ina ba su labarin wahalata ni ke sayen burkutu, kullum kuma maganarsu ɗaya: riƙe mutuncinka, Bulus. Haka damina ta wuce, aka fara girbi, ban gaya wa Baba komai ba.

Wata rana da yamma aka ɗauke wuta, matata Saratu ta hura gawayi a tsakar gida tana gasa masara. Baba na zaune a kujerarsa. Ƙamshin masarar nan da hayaƙi suka mai da ni ɗakin Kaka, uwar Baba, a kan dutse.

A wurinta na yi ƙuruciya, don Baba kullum yana kan hanya. In an gama cin tuwo, kafin duhu ya gama rufewa, sai mu taru a ɗakin girkinta, mu da ’ya’yan baffannina. Ɗakin ƙanƙane ne, rufinsa ya yi baƙi da hayaƙi, zangarnun iri na rataye a sama da murhu don kada ƙwari su ci. Awaki na ɗaure a lungu ɗaya suna tuƙa. Kaka ba ta zama hannu banza. Ko tana ɓare gyaɗa, ko tana tsince acca, mu kuma dole mu taya, wanda hannunsa ya tsaya sai ta tsayar da labari ta zuba masa ido har ya ci gaba. Haƙoranta na gaba sun zube, sai maganarta ta riƙa fita da ɗan fito. Da yarenmu take yi, ni da Hausa zan faɗa. Ba ta farawa sai ta tura itace cikin wuta ta ce, "Ku matso, na ɗebo ta da zafinta." Mu ce, "Zuba mana, Kaka."

Akwai wadda take yawan yi mana in mun yi faɗa da rana. Wai wata tsohuwa ce ta mutu ta bar ’ya’ya mata biyu, kowacce da aurenta a kan dutse daban, kwari a tsakaninsu. Ba ta bar komai ba sai dutsen niƙa. Babbar ta sa maza suka mirgina uwar dutsen zuwa gidanta. Ƙaramar ta ga haka, ta sunkuce ɗan dutsen a zaninta ta tafi.

Aka yi girbi. Babbar ta ɗebo duwatsun rafi ta gwada niƙa, duk suka marmashe a cikin gari, mijinta ya ci tuwo ya karya haƙori. Nan Kaka za ta kama muƙamuƙinta tana nishi, mu yi ta faɗuwa da dariya. Ƙaramar kuma ta riƙa niƙa a kan falalen dutse, dawa na tsalle tana watsewa, kazarta na bi tana tsincewa. Babbar ta aiko: turo mini ɗan dutse. Ƙaramar ta mayar: turo mini uwar. Gidaje biyu suka koma cin dafaffiyar dawa, yara na kuka da ciwon ciki.

Duk ran da ƙaramar ta ɗaura zani za ta haye wurin yayarta, sai kaza ta tare ƙofa. Kaka takan noƙe wuya ta yi muryar kaza: "Uwar ɗakina, ina za ki? Ke za ki bi ta? Riƙe mutuncinki!" Sai ta koma ta zauna. Har wata safiya ta ga kaza ta kasa fitowa daga akurki don ƙiba, ta dubi hannuwan ’ya’yanta kamar tsinke. Ta yanka kaza, ta dafa, ta ƙulla ɗan dutse a zani, ta sauka kwari ta hau dutsen yayarta. Ran nan aka ci tuwo mai laushi da miyar kaza.

Mu dai ba mu taɓa barin ta ta rufe a nan ba. Wani zai ce ai babbar ce ta fara, don me ƙaramar za ta je? Kaka ta ce, "Wanne ne ke shiga zani, uwar ko ɗan?" Ni kuma tambayata kullum ɗaya ce, har an san ni da ita.

"Kaka, to bayan nan a gidan wa ɗan dutsen ya riƙa kwana?"

Sai ta jefe ni da ɓawon gyaɗa. "Kai da baƙin ciki aka haife ka. Wanda ya ƙoshi ba ya tambayar inda dutse ya kwana. Ta ƙare. Wanda bai ƙoshi ba ya lashi hannunsa, ku tashi ku ba ni wuri."

Ina yaro na ɗauka labarin rowa ne, a daina hana juna abu. Da na girma na ɗauka labarin mata ne, ba ruwan namiji. Ban yi boko mai nisa ba, ba na iya fassara abubuwa kamar masu wa'azi. Amma a gaban gawayin Saratu na ga abin a fili. Baba Sajan ba zai iya doguwar tafiya ba, injinsa ma ba ya ɗaukuwa a ka. Nawa kuwa yana da tayoyi biyu sababbi. Ba maganar wanda ya fi gaskiya ba ce, maganar wanda nasa ke turuwa ce. Kajin ma na san su, na san inda suke zama a Sabon Tasha. Abin da ya fi damuna shi ne, gashina ya fara fari amma tambayar da nake yi ina yaro ita nake yi har yanzu, ga tsoho a gefena yana lissafin ƙaratowar Kirsimeti da ƙaruwar sanyin safiya.

Na ce, "Baba, ka tuna labarin Kaka na dutsen niƙa?"

"Mai kaza? Ni ma da shi aka yaye ni."

Sai na kwashe komai na gaya masa, da Baba Sajan, da injin, da sharaɗin. Ya riƙa juya masara a hannunsa, don ba ya iya tauna ta sai dai ya ji ɗuminta.

"Tun yaushe ya faɗa maka haka?"

"Tun da damina."

"Bulus, kai jaki ne." Bai ɗaga murya ba. "Babur ɗin nan ya kwana a gidan sarki, ya kwana a rugar Fulani, ya kwana a bakin rafi da ruwa ya hana ni ƙetarewa. Yaushe ya taɓa zama ɗan ɗaki? Injin nasa yana da ƙarfi?"

"Yana numfashi, Baba."

"To ka gaya masa ran Lahadin farko ni ma a kai ni cocinsu. Ina so in ji muryar mutumin da ya fi ɗana hankali."

Saratu ta ce daga bakin murhu, "Duk abin da za ku yi ku yi, kada dai wanda ya taɓa mini kaza." Baba ya yi dariya har tari ya kama shi. Rabon da in ji dariyarsa haka na manta.

Ban san ko kusoshin injin za su zauna daidai a jikin namu ba, ƙila sai na yi walda. Ban san ko sarƙa za ta kai ba. Waɗannan dai aikin hannuna ne, ba na tsoronsu.

Washegari da sassafe na hura tayoyi, na ɗaure akwatin sifanu a kan kujerar da na yi wa Baba. Ya fito da sandarsa, ya shafa tanki, ya koma ciki. Na kama kan babur na fara turawa. A Sabon Tasha ’yan acaɓa na ihu, "Oga, mai ne ya ƙare?" Na ce inji ne ya riga ni tafiya. A Kakuri Emeka yana buɗe shago, ya ɗaga mini hannu biyu. Rana ta yi sama kafin in isa Trikania, rigata ta jiƙe sharaf.

Baba Sajan na ƙarƙashin mangwaro. Ya dubi babur tun daga fitila har majingina, ya daɗe a kan majinginar.

"Wannan ta tsohonka ce?"

"Tasa ce. Kai ma za ta ɗauke ka."

"Ƙofar nan ƙarama ce. Shigo da shi ta baya."

Na zagaya da shi, na jingine a bakin ɗakin, na kwance akwatin sifanu.