Daƙiƙa Goma Da Ban Gwada Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, aka kira ni a waya aka ce Allah Ya karɓi abinSa. Baba Injiniya, mai kula da sauti a ɗan gidan rediyonmu, ya rasu bayan jinyar wata uku. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu tattara.

Baba, shekara goma sha ɗaya ina gabatar da shiri, kana bayan gilashi da abin ji a kunne. Duk ranar da makirufo ya ƙi ɗauka, mukan ɗora wa kwamfuta laifi, mu ce katin sauti ya mutu. Kai kuwa sai ka taso a hankali, ka fara daga bakin mai magana, ka bi waya da yatsa har bayan kwamfuta. Sau tari a nan matsalar take: an cusa waya a rami mai shuɗi maimakon mai ruwan hoda, ko wani ya rufe makirufo a cikin saiti ya manta. Ba ka taɓa kunyata kowa ba. Ka gyara, ka ce katin ne ya ɗan yi fushi, alhali duk mun san wanda ya yi ɓarnar.

Doka ɗaya ce ba ka sassauta wa kowa: a ɗauki daƙiƙa goma, a saurara, sannan a fara aiki. Mun sha yi maka tsiya a kanta. Ko baƙo na sauri, sai ka ja makirufo ka ce, "Gwaji ne. Ana ji na?"

Akwai abin da na ɓoye maka, kuma ya hana ni sukuni. Watan jiya na roƙe ka ka zo mu ɗauki tarihinka. Ka zo da sanda, ka zauna a kujerar baƙi karo na farko a rayuwarka. Ni na haɗa wayoyin. Ka tambaye ni, "'Yata, kin gwada?" Na ga yadda kake haki, na ji nauyin tsayar da kai, na ce, "Na gwada, Baba." Ban gwada ba.

Minti arba'in ka yi kana ba da labarin ƙuruciyarka, da yadda ka haɗu da mahaifiyar 'ya'yanka, har ka yi dariya tari ya sarƙe ka. Bayan ka tafi na kunna, babu komai sai shuu. Na leƙa baya, ga waya a rami mai shuɗi. Kunya ta hana ni faɗa maka. Na ce a raina sai ka ji sauƙi mu sake.

Shekaranjiya babbar 'yarka ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, ki ba mu hirar nan, yara su san muryar kakansu." Na gaya mata gaskiya ina kuka. Sai ta saki hannuna.

Na koma ofis na yi ta bincike a tsohuwar kwamfutarka. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana fito da muryoyin mutane, ba shi da hira ko guda. Abin da na samu kawai gwaje-gwajenka ne, sama da ɗari uku, ba ka goge ko ɗaya ba. Su na kai musu. Muka zauna a falo na kunna na farko, ka ce, "Gwaji ne. Ana ji na?" Matarka ta ɗago kai ta ce, "Muna jin ka, Malam."

Ka yafe mini, Baba. Allah Ya gafarta maka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mana, Ya haskaka kabarinka. Ga matarka da 'ya'yanka da jikokinka, Allah Ya ba ku juriyar wannan rashi, ku ma ku yafe mini minti arba'in ɗin da na salwantar muku.