Sikelin Mama Eliaichi

Shekara goma sha tara Mama Eliaichi Urio ta yi tana auna kayanmu a ƙofar hawa Kilimanjaro, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa hawa dutsen ba. Aikinta ɗaya ne: ɗan dako ya rataya jakarsa a ƙugiyar sikeli, in ta wuce kilo ashirin a rage. Ba ta jin roƙo. Mu kanmu da take kare wa ƙashin baya mun sha zaginta a ɓoye.

Amma akwai dabarar da kowa ya sani. Jagoran masu hawa dutsen zai zo da 'yan dako goma sha huɗu, kowace jaka ta wuce lafiya. Da an yi tafiyar awa guda cikin kurmi, sai ya sallami huɗu, su sulale gida ta gonakin ayaba, a raba kayansu a kan sauran. Wanda ya yi ƙorafi ba a sake kiransa aiki.

Ranar da abin ya ishe ta, saura wata takwas ta yi ritaya da fanshonta. Ta hango mutum huɗu na Shirima, jagoranmu, suna saukowa hannu rabbana. Ta cire sikelin, ta kulle ofis, ta biyo mu da takalminta na zuwa coci.

A gindin wata katuwar bishiya ta same mu muna ɗaure kaya. Turawan da muke yi wa dako sun riga sun yi gaba. Shirima ya tarbe ta da dariya, ya tambaya ko yawon buɗe ido ta zo ita ma. Da ya ga ta rataya sikelin a reshe, sai ya tuna mata cewa ikonta a ƙofa ya tsaya, kuma yau ɗin nan shugabanta zai ji ta bar bakin aiki.

"Ka gaya masa, ɗana," in ji ta. "Ka ce ina gaishe shi. Wa zai fara?"

Babu wanda ya motsa. Kowa ya sunkuyar da kai, har da ni. Muka ɗauki kaya muka wuce ta gabanta.

Sai muka ji takunta a bayanmu.

Awa biyar ta bi mu cikin ruwa da taɓo. Wani ya ce mata ta koma kada mu ƙara da ɗaukar ta, ta ce ya fara auna ta tukuna. Takalmi ɗaya ya tsinke, ta ɗaure shi da igiyar buhu. Da la'asar muka isa zangon farko, kanta na sara, ta yi amai sau biyu a bayan tanti. Ta goge baki, ta sake rataya sikelin, wannan karon a gaban Turawan da ma'aikacin zango.

Wuyana ya riga ya sage. Ban san lokacin da na tashi na rataya jakata ba. Allurar sikelin ta tsaya a kan talatin da ɗaya. Bayan ni, mutum shida suka biyo.

Washegari dole Shirima ya aika a dawo da mutanensa huɗu. Bai fasa kai ƙararta ba, kuma ba ƙarya ya yi ba: ta bar ƙofa a rufe yini guda, motoci sun yi layi. Aka ce ta rubuta takardar ban haƙuri a bar ta ta ƙarasa watanninta. Ta ce a nuna mata abin da za ta nemi gafara a kansa. Aka sallame ta, fansho ya tafi.

Yanzu faten ayaba take sayarwa a bakin hanyar gonaki, daidai inda waɗanda aka sallama suke ɓullowa. Duk wanda ya sauko kafin azahar, sai ta kira shi da sunansa, ta tambaye shi da ƙarfi wane jagora ne ya koro shi. Jagorori sun fara neman wata hanyar. Ta ce su samo, za ta bi su can, tukunyarta ba ta kai kilo ashirin ba.