Sabis a Gindin Tsamiya

A ƙauyenmu, gabas da Ɗanbatta, sabis ba ya shiga gida. Sai ka ratsa gonakin gero har gindin wata tsamiya, ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Na daɗe ina tsine masa.

Shekarar da Baba ya rasu, Inna tana cikin takaba ciwon ƙoda ya kwantar da yayana a ƙasar da yake aikin gini. Duk sanda na je tsamiya, saƙonsa ɗaya ne: yana son ya ga fuskar Inna a waya.

Na ce mata, "Inna, wannan lalura ce. Ki sa hijabi mu je."

Ta ce, "Ba zan taka ƙofar gida ba sai na gama wa babanku takaba. Kai da ka yi boko, kawo mini sabis ɗin ɗaki."

Ba dabarar da ban yi ba. Na kashe waya na kunna, na cire layi na goga a riga, na canja wani. Na sayo 'yar na'urar wayifai a Kano, na ɗaure ta a kan gora, na kafa jikin rumbu. Fitilarta takan yi kore, amma kafin Inna ta gyara ɗankwali ta koma ja. Mai gyaran waya ya ce katangar ƙasa ce ke tarewa. Maƙwabcinmu kuwa cewa ya yi geron ne ya yi tsawo, a jira kaka. Saura kaɗan in zage shi.

Da na gaji, wata ranar Juma'a na ɗauki muryar Inna a waya. Ta daɗe tana sa wa yayana albarka, ta ce ta yafe masa duniya da lahira. Na hau keke sai tsamiya. Sabis na shigowa, saƙon abokin ɗakinsa ya shigo kafin nata ya fita: yayana ya rasu tun hantsi, har an kai shi.

Na koma gida ina tura keken. Tana zaune bakin ɗaki.

"Ya ji ni?"

"Bai ji ba, Inna. Allah ya yi masa rasuwa."

Ta yi salati, ta karɓi wayar, ta ce in kunna mata. Ta saurari muryarta har ƙarshe, tana amsa wa kanta amin.