Mame Ajoba da Ƙwallon Igwa

A bakin hanyar da ta tashi daga Esuwakro zuwa kangon Turawa akwai wani koren allo da aka rubuta cewa wata ƙungiya ce ta buɗe hanyar shekara tara da suka wuce. Ƙarya ce tsagwaronta. Fenti ƙungiyar ta kawo da benci uku, shi ke nan. Hanya kam ƙafafun mata ne suka fitar da ita, mata masu daron kifi a ka, kuma in da za a raba ta gwargwadon sawun kowa, Mame Ajoba da rabi za ta tashi.

Tun tana 'yar shekara goma take bin ta. Hanyar ta bi gefen mashigin, inda teku ta kutso cikin ƙasa ta kwanta lamo tsakanin tsaunuka biyu, ta ratsa gonakin kwakwa, ta wuce maƙabartar Turawa, sannan ta miƙe tsaye a wani hayi mai santsi kafin ta kai kangon. Titin mota a bayan kangon ya tsaya. Mai zuwa Esuwakro, ko ƙafa ko kwalekwale.

Ajoba ta yi tallan kifi tare da uwarta. Ta yi aure, mijin ya bi jirgin kamun kifi zuwa Abijan ya manta hanyar gida, ta raini 'ya'ya mata uku da hayaƙin banda. Da baƙi masu jaka a baya suka fara bin hanyar don nishaɗi, abin da har yau yake ba ta dariya, wai mutum ya ƙoshi ya rasa abin yi sai hawan dutse ba kaya a ka, sai ta kafa rumfa a ƙofar gidanta, daidai inda hanyar ta sauko gari. Dokunu take sayarwa, tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi. Dokunun irin na kowa ne, kifin ma haka. Barkononta ne yake sa mutum ya zauna yana hawaye yana miƙa kwano a ƙara masa.

Sauran mata da ɗan dutse suke niƙa. Ita da ƙwallon igwa take niƙa nata. Dunƙulen ƙarfe ne baƙi wuluk, girman ɓararriyar kwakwa, ba ya ɗaguwa sai da hannu biyu. Kakarta ce ta tono shi a cikin taɓon da ke ƙasan hayin, wata rana da ruwa ya janye tana neman ƙumba. Tsofaffi sun ce masu kangon ne suka taɓa harbin wani jirgi da ya shigo mashigin, suka yi ta kuskure. Kaka ta niƙa da shi, uwa ta niƙa, ya zo hannun Ajoba sumul yana ta sheƙi. Mirgina shi take yi a kan faffaɗan dutse, gaba, baya, attarugu da albasa da citta su narke a ƙarƙashinsa.

Egya Ntsifo mai kwalekwale, abokin faɗanta tun suna yara, kullum da rana yana kan bencinta.

"Tsatsa kike ciyar da jama'a, Ajoba."

"Shekara arba'in kana cin tsatsar, ka mutu? Matsa can, ka tare min iska da wannan kan naka kamar gindin tukunya."

Wani cikin baƙin ne ya ɗauki hoton ƙwallon, hoton ya yi yawo har ya kai wani ofishi a birni. Ran nan da hantsi sai ga wani matashin ma'aikaci, Mista Kwansa, da farar riga da takalmi mai ƙyalli, ya sauko daga kango yana share gumi. Sai da ya fara zuwa wurin Nana, sarkin garin, sannan ya zo rumfa da takarda a hannu. Ya gaishe ta da ladabi, wannan ba za a hana shi ba. Ya ce an gyara ɗaki ɗaya a kangon don ajiye kayan tarihi, kuma ƙwallon nan dukiyar ƙasa ce, akwatin gilashi yana can yana jiran sa.

"Ƙasa tana ina lokacin da yake cikin taɓo?" in ji Ajoba.

"Mame, ni aiko ni aka yi. Ga takarda: ƙwallon igwa guda ɗaya, daga Esuwakro. Nana ma ya sa hannu."

Nana da bai taɓa niƙa ko ƙwayar barkono ba! Amma hannun Nana hannun Nana ne. Ajoba ta koma gaban dutsenta. Ta kwashe barkonon da ke kan dutse, ta wanke ƙwallon tas, ta shafe shi da manja. Haka take yi kullum don kada ya yi tsatsa, kuma duk mai cewa ranar ta cika masa man da gangan, ya zo ya faɗa a gabanta. Ta ajiye shi a ƙasa gaban takalmin Kwansa.

"Ga shi nan, Akawu."

Ya waiga yana neman wanda zai ɗauka masa. Masunta shida ne zaune suna ɗinkin komar kamun kifi a inuwa, duk suka sunkuyar da kai kamar an zuba musu ruwan sanyi. Ya yi magana, ya ƙara, ba wanda ya motsa.

Egya Ntsifo ya tsotse ƙashin kifi ya ce, "Ɗana, a ina aka haife ka?"

"A birni, Egya."

"Ga alama nan. A garin nan ɗan dutsen mace ba ya barin gidanta a hannun ɗan gari sai ranar da aka binne ta. Ka dubi matar nan da kyau. Ta yi maka kama da wadda aka binne?"

"To a kwalekwalenka fa? Ka zaga da ni ta ruwa."

"Kwalekwalena ma ɗan gari ne."

Kwansa ya naɗe hannun riga. Kai, yaron yana da zuciya. Ya rungumi ƙwallon a ciki ya kama hanya. Ajoba ta rufe tukunyar dokunu, ta ɗauki daronta ba komai ciki, ta bi shi a baya. Ta ce rakiya za ta yi, don abin da ya shekara tamanin a gida ba a barin sa ya fita shi kaɗai. Egya Ntsifo ya tura kwalekwale cikin ɗan ruwan da ya rage a tsakiyar mashigin, don lokacin teku ta janye, yana bin su ta ƙasa yana ba da shawarar da ba wanda ya nema.

"A kafaɗa, Akawu! A'a, ɗaya kafaɗar!"

Ƙwallon abu ne da ba shi da hannu ba shi da kunne, ga nauyi, ga mai. Kafin su fita gonakin kwakwa farar rigar ta koma ja. Wasu baƙi biyu da ke saukowa suka matsa gefe suna tafa masa, a zatonsu wani wasan motsa jiki ne. A bencin maƙabarta ya zube yana haki, ƙwallon a cinya, ya ɗaga kai ya ga hayin da ke gabansa.

Nan tausayi ya kama Ajoba, don sa'an autarta ne. Ta warware gammonta ta sake naɗe shi, ta ɗora masa a ka, ta taya shi aza ƙwallon a tsakiya.

"Ka miƙe wuya, ɗana. Idonka a gaba. Ƙafa ta san aikinta, kada ka duba ta."

Ya hau taki goma lafiya. A na sha ɗaya takalmin ya ɗan zame, sai ya yi abin da ko 'yar shekara bakwai a Esuwakro ba za ta yi ba: ya sunkuya ya dubi ƙafarsa. Ƙwallon ya sauka, ya daki dutse ƙwam, ya yi tsalle ya bi gangare ta cikin ciyawa, ya karya wani ɗan itace, ya faɗa taɓo caɓal. Taɓon ya rufe bakinsa kamar ba a yi ba.

Ajoba ba ta yi dariya ba. Ta dubi bakin mashigin ta ga ruwa ya juyo yana shigowa. Ta san taɓon nan: abin da ruwa ya cika ya janye a kansa sau ɗaya, sai ya nitse inda hannu ba ya kaiwa. Akwatin gilashi ko ba komai za ta iya zuwa ta leƙa. Wannan kuwa rabuwa ce ta har abada.

"Ntsifo! Ina ya faɗa?"

"Gaban wancan kututturen! Ko bayansa. Ke, ni ma sunkuyawa na yi!"

Ta tattare zani ta ɗaure a ƙugu, ta gangara da baya tana kama saiwoyi, ta shiga taɓo har gwiwa. Da tafin ƙafa ake neman abu a taɓo, kamar yadda ake neman ƙumba. Ta taka nan, ta taka can, Ntsifo yana caka gorar tuƙi ta gefensa. Ƙafarta ta ci karo da wani abu mai zagaye. Ta zura hannu biyu ta ciro shi da ƙyar. Ƙwallo ne, amma ba nata ba: ja jawur da tsatsa, ƙumba ta manne masa ko'ina. Ta jefa shi cikin kwalekwale ta ci gaba. Ruwa ya kawo cinya. Ta sake taka wani, ta ciro, shi ma ɗan'uwan na farko ne.

"Ashe mutanen nan ba su iya harbi ba ko kaɗan," in ji Ntsifo. "Fito, Ajoba, ruwa ya kusa ƙugu."

"Rufe min baki ka riƙe gorar."

Ta ƙara taku uku zuwa bayan kututturen. Sai diddigenta ya zame a kan wani abu mai sulɓi, sulɓin da ta sani kamar tafin hannunta. Ta ja numfashi ta nutsa har wuya, ta taso da shi a ƙirji, taɓo har cikin kunne.

Suka fito da ukun bakin gaɓa inda Kwansa yake tsaye, takalmi a hannu. Ya durƙusa gaban masu tsatsar kamar ya ga 'yan'uwansa da suka ɓace. Ya shafa wannan, ya juya wancan, ya ce kada kowa ya kankare ƙumbar, haka ake son su. Ya dubi na Ajoba da ruwa ya wanke yana walƙiya a rana, kai ka ce jiya maƙeri ya gama shi.

Ajoba tana matse zani ta ce, "Karanta min takardar nan kuma, Akawu."

"Ƙwallon igwa guda ɗaya, daga Esuwakro."

"Ɗaya ta ce. Ga biyu. Ta ambaci sunan kakata?"

Ya duba takardar, ya duba hayin, ya taɓa wuyansa. "Ba ta ambata ba, Mame."

Sai ga wata matsalar, yadda zai kai biyu inda ya kasa kai ɗaya. Ajoba ta yi tsaki, ta karɓi gammonta, ta zuba su duka a daro. Waɗannan ba ɗan dutsen kowa ba ne, ba wadda za ta mutu don an ɗauke su. Ta ce ya ɗora mata. Mace mai shekara sittin da biyu ta haye hayin nan ba ta tsaya ba, ma'aikaci yana bin ta a baya da takalmi da takarda. Natan kuwa Ntsifo ya sa a kwalekwale ya juya gari, ya ce fitarwa aka hana, ba a hana mayarwa ba.

Yanzu suna can a ɗakin kango cikin gilashi, da 'yar takarda a ƙasa: wai an gano su ne a wani bincike da ofishi ya gudanar. Bincike! Wa ya shiga taɓo har wuya? Babbar 'yar Ajoba ta so ta je ta yi musu tas, uwar ta ce ta bar su da gilashinsu, tun da ba barkono suke niƙawa da shi ba.

Kwansa yakan sauko duk ƙarshen wata, yanzu da takalmin roba. Ya zauna kusa da Ntsifo, ya ci dokunu yana jan majina, idonsa yana kan ƙwallon yana kaiwa yana komowa a kan dutse. In ta kama shi yana kallo, sai ta ɗaga ludayi.

"Idonka a kwano, Akawu. In ƙara barkono?"